Littafin da Delu Ta Ɗinka da Zaren Kitso

Jikokina da ƙawayensu sun ɗauka ɗaurin littafi wasan yara ne. Kwanan baya ina ji wata daga cikinsu tana cewa ai aikin Hajiya Hajo, wato ni, bai wuce gam da almakashi ba, ita ma idan aka ba ta yini guda za ta iya. Na miƙa mata allura da wata mujalla da ta ɓalle, na ce bismilla. Kafin la'asar ta yaga shafi biyu, ta soki yatsa, ta manne fuskar jarumin da tallar sabulu. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan da hannuna, da rubutun da na koya bayan furfura ta fito mini. Wadda ta ga kuskure ta gyara a ranta ta wuce.

A hannun maigidana Malam Garba na koyi aikin, Allah ya jiƙansa. Shi kuma ya koya wurin wani tsoho mutumin Buhara da ya taɓa riƙe rumfa kusa da Harami a nan Makka. A lokacin muna zaune a kan dutse, a wani gida mai ɗaki biyu, wanda kafin ka kai ƙofarsa matakala ta cinye maka numfashi. Shagon Malam yana ƙasa bakin hanya, ni ina sama, littattafai suna hawa suna sauka a cikin kwando. Aikina na farko damun sitati ne. Bai bar ni na taɓa allura ba sai da na iya dama shi babu gudaji, ba tsululu ba, ba kuma tuwo ba. Idan ya yi ruwa takarda ta kumbura, idan ya yi kauri ya bushe ya karye a gadon bayan littafi. Ana daka ɗan kanumfari a zuba, saboda kyankyaso yana son sitati fiye da yadda kuke son shawarma. Na daɗe a kan tukunyar nan har na ce wa Malam ni aure na zo yi, ba a kawo ni don na dafa wa takarda koko ba. Ya ce to na sauke na huta. Ban sauke ba.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma har yau su ne. Basilla ta huda, allura, zare mai ƙarfi da ake ja a kan kakin zuma don kada ya yanki takarda, reza, da wani ƙashin haƙarƙarin raƙumi da aka goge ya yi santsi, da shi ake ninkewa ana lailaye gefe. Sai katako biyu da dutse mai nauyi na danne littafi har ya bushe. Abin da ba ya cikin kayana, kuma ba zai shiga ba har a binne ni, shi ne salatif. Duk wanda ya liƙa wa takarda salatif ya kashe ta, sai dai mutuwar tana ɗaukar shekaru. Yana yin rawaya, ya yi danƙo, ya ɗago da rubutu a jikinsa.

Littafin farko da na ɗinka ni kaɗai na wani ɗalibi ne daga Sakkwato, littafin fiƙihu mai kauri, ya karanta shi har bango ya rabu da ciki. Ɗaliban nan su ne suka riƙe mu shekara da shekaru. Mutum zai zo da littafi a naɗe cikin rawani kamar jariri, ya tsaya yana ba Malam labarin wanda ya ba shi. Wani kuma, idan ka ɗaga babban littafin, sai ka tarar da 'yar mujallar zane a ƙarƙashi, ya kawar da kai ya ce ta ƙanen wani abokinsa ce. Ban taɓa ganin ƙanen nan ba. Duk ɗaliban Makka kamar abokinsu ɗaya ne.

Mujallun nan, ku da kuka tashi da waya a hannu ba ku san su ba. Daga Berut ake bugo su da Larabci, labaran jarumai ne masu tashi sama, da mayafi ɗaure a wuya da wando matsattse kamar an zuba su a ciki. Takardarsu ta banza ce, irin ta jarida, an ɗame tsakiya da 'yar waya mai tsatsa. Yaran unguwa suna tara su, idan sun yi yawa a kawo a haɗa su littafi guda mai bango. Malam Garba ba ya son su saboda hotuna, amma ba ya korar aiki. Sai ya jefa su a kwando ya ce a kai wa Hajo. Haka suka zama nawa.

Ko alif ban sani ba a lokacin. Idan mujalla ta zo a warwatse, da ido nake jera ta. Wanda aka mara a wannan shafi, a na gaba zai faɗi. Wanda ya buɗe ƙofa, a na gaba yana ciki. Yaro yana gaba, tsoho yana baya. Hanyar nan ta yi mini aiki har ranar da aka kawo wata mujalla da jaruminta yake cikin mota a shafi ɗaya, a wani yana gaban mutane masu takobi da dawakai, a wani kuma yana tsaye yana kallon wani ɗan yaro mai irin hancinsa sak. Na jera ta yadda duniya take tafiya: takobi tukuna, sannan yaro, sannan mota. Malam ya duba ya yi dariya har ya zauna a kan matakala. Ya ce mutumin yana da wata na'ura ce da yake shiga ta mayar da shi zamanin da ya wuce, ko ta kai shi wanda bai zo ba, kuma yaron nan shi ne da kansa. Na ce wane irin mahaukaci ne zai koma jiya, alhali wankin yau bai bushe ba. Ya ce ba shi ya rubuta ba.

Irin waɗannan labarai na tafiya cikin zamani su suka koya mini aikin na gaske, domin a cikinsu hoto ba ya faɗa maka gaba da baya. Dole ka tambayi takardar da kanta. Tsatsar waya tana barin tabo, kuma tabon fallen da ke maƙwabtaka da juna iri ɗaya ne. Idan shayi ya zube a kan mujalla, tabon yana da faɗi a sama, yana tsukewa falle bayan falle har ya ɓace. Ƙwaron takarda idan ya huda, miƙewa yake yi, sai ka ɗaga falle biyu ga haske ka ga ko hudar ta hau kan juna. Wannan ba a koyar da shi a yini guda, 'yan nan.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce ta rusau. Malam bai daɗe da rasuwa ba aka zo aka shafa wa gidajen dutsenmu jan fenti. Muka kwashe abin da za mu iya, muka dawo unguwar Zahir. Dutsen dannina ban iya saukowa da shi ba, yana can ƙarƙashin wani bene yanzu. Masu kawo aiki suka watse, kowa ya nufi inda ya samu ɗaki, wasu Rusaifa, wasu bayan gari, babu wanda ya san inda Hajo ta faɗa. Ɗalibai kuma sun fara karatu a waya. A shekarar nan na je Mina na yi wankin tukwane lokacin aikin Hajji, tukwanen da mutum zai iya kwanciya a ciki. Hannuna ya tsattsage har na ce ya gama riƙe allura. Bayan na dawo ne wata maƙwabciya ta ja ni makarantar manya ta yamma. Na zauna a benci na wuce hamsin, malamar sa'ar 'yata ce, tana ce mini ya Hala, wato goggo da Larabci, riƙe alƙalami kaza. Na ce mata na riƙe abin da ya fi alƙalami tsini tun ba a haife ta ba, ta nuna mini harafin kawai. Na koyi Larabci a can, boko kuma matar wani ɗalibi ta koya mini a tsakar gida.

Da na iya karatu, abin da na fara nema mujallun nan ne. Ina so na ji me suke ta faɗa a cikin fararen kumbunan da ake zanawa a saman kawunansu. Gaskiya rabinsu ba su kai labarin da nake ƙirƙira musu ba. Ana haka kuma aiki ya dawo ta inda ban zata ba. Yaran da suka tara mujallu sun girma, gemu ya yi fari, kowa ya tuna akwatin da ya bari a saman kabad. Wani daga Jidda zai tuƙo mota ya zo, ya ajiye mini mujalla a hankali kamar ƙwai, yana roƙona kada na taɓa launinta.

Usman ba ya cikin irin waɗannan. Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne a Rusaifa, mutum mai kimanin shekara arba'in da ɗori, dogo, marar magana. Ya zo mini da jakar leda, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama da Larabci. Na amsa da Hausa, don na ga fuskarsa. Ya lallaɓo 'yar Hausar da ta rage masa, tana tuntuɓe, rabi Larabci. Da ya zazzage jakar a kan tabarma sai na ga fallaye kusan arba'in, babu bango, babu biyu da ke haɗe, gefensu ya yi laushi kamar tsumma. Na ɗaga ɗaya na ga guntun baƙin zare a maƙale. Zaren kitso ne. Na tambaye shi wa ya ɗinka wannan.

Ya ce mahaifiyarsa ce, Delu. Wanki take yi a gidajen Larabawa lokacin yana ƙarami. Idan yaran gidan suka yaga mujalla suka zubar, sai ta tsinto fallayen ta ɓoye a cikin zani, ta kawo gida ta ɗinka masa. Ba ta iya karatu ba, shi ma a lokacin bai iya ba. Sai ta buɗe ta ba shi labarin da Hausa, daga hotuna, idan ta dawo da rana tana shan iska. Jarumin yana sa rawayar riga, don haka ta raɗa masa Mai Rawaya. Na'urar da yake shiga kuma ta ce tanderu ne. Yana ɗan shekara goma aka kama ta a hanya babu takardu, aka mayar da ita gida, wani ƙauye a ƙasar Katsina. Shi ya zauna wurin kawunsa. Nasa takardun ba su bar shi ya fita ya dawo ba, ita kuma ba ta da halin zuwa. Tun ranar ba su sake zama a ɗaki ɗaya ba.

Yanzu, in ji shi, ya samu ya shirya mata Umra, tana tafe a watan da za a shiga. Suna waya, amma wayar ba ta wuce gaisuwa. Lafiya, lafiya, ya yara, lafiya, ya zafi, da godiya. Daga nan sai shiru, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa, har ɗaya ya ce to sai an jima. Shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa, kunya ba ta bari. Hausarsa kuma ta zube. Ya ce a waya ana iya kashewa, amma idan ta zauna a gabansa bai san me zai yi da shirun ba.

"Hala," ya ce, "ba na so ki gyara shi daidai. Ina so ki mayar da shi yadda ta yi."

Na ce to ya faɗa mini yadda ta yi. Ya sunkuyar da kai. Ya ce ya manta. Tun da ya shiga makaranta ya karanta abin da ke rubuce, labarin masu bugawa ya hau kan nata ya danne. Zaren ya ruɓe tuntuni, yaransa kuma sun taɓa samun jakar sun yi wasa da ita.

Na shimfiɗa farin zani a ƙasa na baje fallayen. Abu na farko da na gane, ba mujalla ɗaya ba ce, aƙalla uku ne, har da wani jarumin daban wanda rigarsa ta yi kusa da rawaya, Delu ta haɗa su ta mayar da su mutum ɗaya. Lambar shafi ba ta da amfani ke nan. Na biyu, wasu fallayen hudar allurarta tana gefen waje, ba gefen da aka buga su ba. Wato juya su ta yi, don hoton da take so ya riga zuwa. Akwai wasu biyu da ta manne da juna da ruwan tuwo, na ɗaga ga haske na ga hoton wata mata ce da ba ta da isasshen tufafi. Na bar su yadda ta rufe su.

Daga nan na bi tabo. Akwai zuben shayi da ya ratsa falle bakwai ko takwas, ya jera mini su. Akwai hudar ƙwaro da ta haɗa wasu. Akwai jan yatsa na lalle a kusurwar ƙasa, inda take kamawa ta juya, wanda ya shafi bayan wani fallen ya nuna mini maƙwabcinsa. Da haka na samu tsibi-tsibi: tsibin mutanen takobi, tsibin birni mai motoci a sama, tsibin wani kogi, tsibin ƙadangaru masu girman gida. Kowane tsibi na san cikinsa. Abin da takarda ta ƙi gaya mini shi ne wanne ke bin wanne, da inda aka fara, da inda aka ƙare.

Usman yana biyowa bayan ya tashi daga aiki, ya durƙusa a bakin zanin da kayan aikinsa. Da zarar ya ɗauki falle sai bakinsa ya fara motsi. Ya ce ai a nan jarumin yana bin ɓarawo ne, ɓarawon ya gudu zamanin da, shi ne ya bi shi, ya faɗa garinsu lokacin yana yaro, ya ga mahaifiyarsa tana budurwar mace, ita ba ta gane shi ba. Ya cece ta daga gobara, ta rungume shi don godiya, sannan dole ya koma zamaninsa ya bar ta. Na daka masa tsawa na ce wannan labarin mutanen Berut ne, ba shi aka kawo mini ba, ya rufe bakinsa ya buɗe idonsa. Ya ce ba ya iyawa, rubutun ne yake shiga idonsa da kansa.

Bayan ya tafi na kama kaina ina yin abin da na hana shi. Idona yana sauka a kan falle, kafin na ga fuskar mutum na riga na karanta abin da ya ce. Na yi shekaru ina neman karatun nan, ga shi ya zo ya tsaya mini a ƙofa. Na gwada rufe rubutun da guntayen takarda, iska ta kwashe. Sai kawai na cire tabarau na ajiye a kan taga. Rubutu ya narke ya zama toka-toka, hotuna suka rage. Na zauna a gaban zanin nan kamar yadda nake zama a gidanmu na kan dutse, na tambayi kaina, mace mai wanki da ɗa guda, ta tsinto waɗannan, daga ina za ta fara.

Ban daɗe ba na gani. Akwai fallen da jarumin ya juya baya yana shiga na'urarsa, matar tana tsaye a bakin ƙofa ta ɗaga hannu. A wurin masu bugawa nan ne ƙarshe, har da 'yar kalmar da suke rubutawa a ƙasa idan labari ya ƙare. Amma wace uwa ce za ta ba ɗanta labari ta tsaya a nan ta ce tashi ka je ka yi wasa? Wannan sallama ce, kuma da sallama ake fara tafiya. Ɗa ya bar gida. Duk sauran, takobi da kogi da ƙadangaru, wahalar hanya ce. Fallen rungumar nan da suka sa a tsakiya, shi ne dawowa. Na mayar da tabarau na duba takardun biyu. Fuskar fallen sallama ta fi kowace dauɗa, kamar yadda bangon gaba yake yi. Bayan fallen runguma ya goge ya yi sheƙi saboda kwanciya a ƙasa. Takarda ta yarda da ni.

Na nuna wa Usman. Ya daɗe yana kallon na farko da na ƙarshe, sannan ya tashi ya ce bari ya duba na'urar ɗakina, yana jin tana wata ƙara. Lafiyarta ƙalau. Na bar shi ya kwance ta ya mayar.

Tsakiyar ce ta rage. Mutanen takobi na gane suna kusa da farko, birnin sama yana kusa da ƙarshe, saboda rigar jarumin ta yage a can. Amma kogi da ƙadangaru, babu tabo, babu huda, ko wanne zai iya riga wani. Na ce masa wannan shi kaɗai zai yanke. Ya rufe ido, ya daɗe, ya ce yana ganin kamar ƙadangaru ne farko. Na ce kamar, ko kuwa. Ya ce ƙadangaru ne. Na bi maganarsa.

Ban yi masa bango mai kwali ba, ban yi amfani da zarena mai kaki ba. Na aika aka sayo zaren kitso a kasuwa. Inda huda ta yage na toshe da siririyar takarda da sitati, na bari ta bushe, sannan na bi hudojin Delu ɗaya bayan ɗaya, duk da sun karkace kamar hanyar akuya. A rayuwata ban taɓa yin ɗinki mai muni haka ba, ban kuma taɓa yin wanda ya ci mini ido kamarsa ba.

Bayan Delu ta yi Umrarta ta huta, Usman ya kawo ta gidana da hantsi. Ya ce a nan yake so ya ba ta, don idan shirun ya zo a samu mutum na uku. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce cikin farin hijabi, da hannuwa irin na masu wanki, na gane su don irin nawa ne. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida, ta tambayi gajiyata. Shi yana zaune can nesa a bakin tabarma kamar baƙon da ya zo neman aure. Ba ta kallonsa, idan za ta ambace shi sai ta ce wannan. Na kawo shayi, aka sha. Shirun da yake tsoro ya zo ya zauna a tsakaninsu, har ni na ji nauyinsa.

Sai ya zaro littafin ya ajiye a kan tabarma a gabanta. Ta kalle shi ba ta taɓa ba. Can ta ce, "Ashe yana nan." Ta goge hannu a hijabi, ta ɗauka, ta shafa zaren da babban yatsa. Ta lashi yatsa ta kama kusurwar ƙasa, daidai inda jan lallen yake.

Ba ta kalli kowa ba ta fara, da wata murya daban da wadda ta gaishe ni da ita. Ta ce to ga Mai Rawaya nan zai tafi, ga uwar tana ce masa ya tsaya ya ɗauki guzuri, ya ƙi, don taurin kai gare shi. Ya shiga tanderu. Ta juya. Ga shi ya fito garin masu takobi, suka ce ɗan wa ne kai, ya ce shi ɗan mai wanki ne, suka yi masa dariya, ya tattara takubbansu ya ɗaure kamar itace. Usman ya matso kaɗan. Ta juya, ta juya, sai ta tsaya. Ta koma baya, ta sake zuwa gaba.

"Wa ya sa ƙadangarun nan a nan?"

Na buɗe baki zan ce ni ce, ya riga ni.

"Nan suke, Inna."

"Ba nan suke ba. Sai ya haye kogi tukuna. Da ƙafa jiƙe yake haɗuwa da su."

"A'a. Su suka koro shi, shi ya sa ya faɗa ruwa. Ke kika ce." Hausar tana fitowa a karye, amma tana fitowa da gudu. "Kika ce babban ya kama masa riga, ya ce sakar mini, Inna ce ta wanke."

Ta ɗago kai. Tun da suka shigo, sai a lokacin ta dube shi sosai.

"Wannan a bakin kogi ne ya faɗa, kada ne ya kama shi. Ni na ɗinka ko kai?"

"Ke kika ɗinka, amma ni na riƙe shi shekara talatin."

"Ka riƙe shi ka birkita. Tun kana ƙarami haka kake, a ba ka abu a jere ka dawo da shi a hargitse." Ta juyo wurina. "Hajiya, kina da reza?"

Na miƙa mata. Ina kallo ta datse ɗinkin da ya ci mini ido, ƙulli bayan ƙulli. Ta zare fallayen kogi ta mayar da su gaba, ta buga gefen a kan gwiwa ya daidaita. Na ajiye mata allura da ragowar zaren. Ta ɗaga su ga hasken taga, ta gwada, ta sake gwadawa, zaren yana wucewa ta gefe. Sai ta miƙa hannu ba tare da ta waiwaya ba.

"Ungo, zura mini. Ka matso nan, ka riƙe wannan gefen kada ya zame."

Ya taso ya zauna a gefenta, gwiwarsa tana taɓa tata. Na kwashi kofuna na shiga kicin na ɗora tukunya, don na ga ba yanzu za su tashi ba. Daga can ina jiyo shi yana cewa shi dai har yanzu bai yarda ba, ita kuma tana cewa ya yi mata shiru ya danne takardar, ba a kai ma birnin sama ba tukuna.